LOD MAKOLE, WANDA YA TSARA DOKAR LAIFUFFUKA

Duk wanda ya taɓa zama a kotu a ƙasar nan ta Arewa, ya ji an karanta wa mutum tuhuma an ce ya saɓa wa sashe kaza na Final Kod, to, ya ji aikin wani Bature wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba, wanda kuma ya rasu fiye da shekara ɗari kafin dokar ta fara aiki a nan. Sunansa Tomas Babinton Makole, Turawa su kan rubuta shi Macaulay. A Ingila an fi saninsa da rubuta tarihi, amma aikinsa da ya fi taɓa rayukan talakawa shi ne dokar laifuffuka da ya tsara wa ƙasar Indiya, wadda daga bisani ta biyo ta Sudan ta iso gare mu.

Sai dai malaman makaranta su lura, kada su rikita shi da mai sunansa na Ikko, watau limamin Kirista wanda ya kafa makarantar sakandare ta Mishan a can cikin 1859, mahaifin Habat Makole ɗan siyasa. Wannan baƙar fata ne, haifaffen Saliyo.

Asalinsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi Makole ran 25 ga watan Oktoba, 1800, a lardin Lesta cikin Ingila. Mahaifinsa, Zakariya Makole, tun yana saurayi ya yi aiki a wata gonar bayi a tsibirin Jamaika, abin da ya gani a can kuwa ya sa ya ƙi jinin bauta har iyakar ransa. Ya yi Gwamnan Saliyo, inda a ke zaunar da 'yantattun bayi, da ya koma gida kuma ya haɗa kai da Wilbafos suka yi ta fama har Majalisar Ingila ta hana cinikin bayi cikin 1807. A irin wannan gida yaron ya tashi, inda kullum ba a rasa zancen zalunci da yadda za a kau da shi ta hanyar doka.

Tun yana da shekara uku ya iya karatu, Allah kuwa ya ba shi hadda irin wadda ba a cika samu ba, abin da ya karanta sau ɗaya da wuya ya manta. Cikin 1818 ya shiga Jami'ar Kambirij, ya yi fice wajen harsuna da rubutu, amma lissafi ya gagare shi. Cikin 1825 ya rubuta wata maƙala a kan mawaƙin nan Milton, ta sa sunansa ya bazu a Landan. Shekara ta zagayo ya zama lauya, amma bai sami masu kawo masa ƙara ba, shi ma zuciyarsa ba ta wajen aikin.

Ana cikin haka kasuwancin mahaifinsa ya karye, nauyin gida ya komo kansa. Talauci ya matsa masa har ya sayar da lambobin zinariya da ya ci a jami'a. Cikin 1830 ya shiga Majalisar Wakilai, jawaban da ya yi don goyon bayan dokar gyaran zaɓe ta 1832 suka ɗaukaka shi. Amma a zamanin nan ba a biyan wakilai albashi, suna kuwa ba ya cika tukunya.

Tafiyarsa Indiya

A lokacin wani kamfanin 'yan kasuwan Ingila ne ke mulkin Indiya. Cikin 1833 Majalisa ta yi doka ta ce a ƙara mutum guda masanin doka cikin majalisar Gwamna Janar, a kuma kafa hukumar da za ta tsara dokokin ƙasar. Aka ba Makole wannan muƙami, da albashin fam dubu goma a shekara. Bai ɓoye ba, kuɗin ne suka ja shi, don ya tara abin da zai riƙe danginsa. Ya tashi cikin 1834 tare da ƙanwarsa Hannatu.

Abin da ya tarar na sha'anin shari'a ya ɗaure masa kai. A cikin manyan biranen nan uku, Kalkata da Madaras da Bambai, dokar Ingila a ke bi. A ƙasar Bengal da ta Madaras kuwa hukuncin laifi bisa mazhabar Hanafiyya ya ke, amma kamfani ya yi ta yi masa ƙari da ragi, har ya zamana ba shi ne shari'a ba, ba shi ne dokar Turawa ba. Ƙasar Bambai ita kuma tana da tata doka dabam tun 1827. Saboda haka laifi guda, hukunci iri iri, ya danganta ga inda aka kama mutum. Talaka bai san abin da aka hana shi ba sai ya ji shi a hannu, alƙali ma sau da yawa sai ya yi ta lalube. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Tun kafin babban aikin ya kammala Makole ya nuna inda ya dosa. A da, Bature mazaunin karkara in an yi masa shari'ar dukiya bai gamsu ba, yana da ikon ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Kalkata, ɗan ƙasa kuwa ba shi da wannan dama. Cikin 1836 Makole ya tsaya aka soke wannan fifiko. Turawan Kalkata suka yi masa ca, jaridunsu suka yi ta zaginsa wata da watanni, suka laƙaba wa dokar suna Baƙar Doka. Bai janye ba.

Yadda Ya Tsara Dokar

Cikin 1835 ya zama shugaban hukumar doka. Zafin ƙasar da ciwo suka kwantar da abokan aikinsa, mafi yawan rubutun ya faɗo kansa. Bai ɗauko dokar Ingila ya kwafe ba, don ita kanta a warwatse ta ke cikin hukunce-hukuncen alƙalan da suka shuɗe, mai neman sani sai ya tone littattafai ɗaruruwa. Ya duba ra'ayoyin masanin nan Bentam, da dokar Faransa ta 1810, da wadda wani lauya mai suna Libinston ya tsara wa jihar Luwiziyana ta Amurka, sa'an nan ya gina tasa. Cikin 1837 aka miƙa ta ga Gwamna Janar.

Manufarsa ita ce doka ta zama a rubuce wuri guda, cikin magana bayyananniya, ta kuma hau kan kowa daidai, Bature da ɗan ƙasa, mai gida da bawansa. Ɗan Zakariya ne, saboda haka bai yarda a ce abin da ya ke laifi in an yi wa ɗa ya zama halal don an yi wa bawa ba.

Babbar dabarar da ya shigo da ita ita ce misalai. Bayan an faɗi ma'anar laifi, sai a kawo gajeren labari a ƙarƙashinsa, a kira masu abin da haruffa, wannan A, wancan Z. Ga irinsu. Mutum ya rufe bakin rami da itatuwa da ciyawa da nufin wani ya faɗa ya mutu, wani kuwa ya taka ya faɗa ya mutu: mai rufe ramin ya yi kisan kai, ko da ya ke hannunsa bai taɓa mamacin ba. Ko kuwa mutum ya tsinci zobe a kan hanya ba a hannun kowa ba: ɗaukarsa ba sata ba ce, amma in ya san mai shi ya riƙe ya ƙi mayarwa, ya faɗa wani laifin dabam, watau cin dukiyar wani da rashin gaskiya. Da irin waɗannan misalai ƙaramin ma'aikaci a ƙauye, wanda ba shi da lauya kusa, zai iya gwada abin da ke gabansa da abin da ke rubuce.

Wajen horo kuma ya yi tunani mai zurfi. Ya taƙaita hukuncin kisa ga wanda ya kashe rai da gangan, da wanda ya yi babban laifin cin amanar ƙasa. Hujjarsa ita ce, in ɗan fashi ya san ko ya kashe ko bai kashe ba rataya ce makomarsa, me zai hana shi kashe wanda ya yi wa fashi don ya kau da mai shaida? Ya raba kisan ganganci da kisan da mutum ya yi cikin zafin zuciya bayan an tsokane shi mummunar tsokana nan take. Ya kuma faɗaɗa ikon da mutum ke da shi na kare kansa da dukiyarsa.

Aibinsa

Mutum tara ya ke bai cika goma ba. Cikin watan Fabrairu, 1835, Makole ya rubuta wa Gwamna Janar Bentin shawara a kan ilmi, ya ce kuɗin gwamnati su koma ga koyarwa da Turanci maimakon Larabci da Sanskirit, watau tsohon harshen malaman Hindu. A cikin takardar ya wulaƙanta littattafan Larabawa da na Indiyawa gaba ɗaya, alhali shi da kansa ya yarda bai san ko ɗaya daga cikin harsunan biyu ba. Gwamna ya karɓi shawarar. Mutumin da ya yi ta faɗa don kada a fifita Bature a kotu, shi ne kuma ya yanke wa ilmin al'ummai hukunci bai saurari shaidarsu ba. Har yanzu Indiyawa da yawa ba su yafe masa wannan ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ya koma Ingila cikin 1838, ya sake shiga Majalisa, ya riƙe muƙamin Sakataren Yaƙi daga 1839 zuwa 1841. Daga nan ya duƙufa kan Tarihin Ingila, juzu'i biyu suka fito cikin 1848, biyu cikin 1855, aka yi ta rububinsu har ya yi arziki. Cikin 1857 aka ba shi sarautar Lod. Bai taɓa aure ba, 'ya'yan ƙanwarsa su ne sanyin idonsa. Ran 28 ga watan Disamba, 1859, ciwon zuciya ya ɗauke shi yana zaune a ɗakin karatunsa, aka binne shi a majami'ar Wasminista inda a ke binne manyan ƙasar.

Dokarsa fa? Shekara ashirin da 'yan kai tana kwance, ana miƙa ta daga wannan kwamiti zuwa wancan. Sai da babban boren 1857 ya girgiza Indiya, mulki ya fita daga hannun kamfani ya koma hannun Sarauniya, sa'an nan aka tuna da ita. Wani alƙali, Sa Banas Pikok, ya yi mata gyara, aka zartar da ita ran 6 ga Oktoba, 1860, da sashe 511, ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 1862. Mai ita bai ga ranar ba. Daga nan ta yaɗu zuwa Silon da Singafo da Malaya, cikin 1899 kuma aka tsara wa Sudan tata bisa gurbinta. A Indiya ta yi aiki har ran 1 ga Yuli, 2024, sa'ad da aka maye ta da sabuwa.

Yadda Ta Iso Arewa

Ƙasarmu ma ta ɗanɗana irin ruɗanin da Makole ya tarar a Indiya. Cikin 1904 Gwamna Lugga ya kawo dokar laifuffuka wadda aka samo daga Kwinslan ta Ostareliya, ita kotunan Turawa ke bi, kotunan sarakuna da alƙalai kuwa suna hukunci bisa mazhabar Malikiyya. Cikin 1947 aka yanke wa wani mutum hukuncin kisa a ƙasar Gwandu, don ya kashe kwarton matarsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, ta ce bisa dokar Turawa tsokanar da aka yi masa ta rage nauyin laifin. Ashe ran mutum ya rataya ga ƙofar kotun da aka shigar da shi.

Da mulkin kai ya gabato, waɗanda ba Musulmi ba suka bayyana tsoronsu a gaban hukumar binciken koke-koken ƙananan ƙabilu. Cikin 1958 gwamnatin Sardauna ta aika da wakilai Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda a ke yi a can, ta kuma kira taron masana a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A cikinsu akwai Shettima Kashim Wazirin Barno, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida, da Mista Pita Acimugu, da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Andasan na Landan. Suka ba da shawara a yi doka guda ga kowa bisa samfurin ta Sudan, tun da ta daɗe tana aiki cikin jama'ar Musulmi. Malamai a ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Junaidu suka bi ta suka duba, aka shigar da laifin zina da na shan giya ga waɗanda addininsu ko al'adarsu ta hana. Majalisa ta zartar cikin 1959, ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, ana gobe 'yancin Nijeriya. Bambancin nan da Makole ya yi tsakanin kisa da kisa shi ne ya zama sashe na 221 da na 222. Daga shekarar 2000 jihohi goma sha biyu, Zamfara ce kan gaba, sun kafa dokokin laifi na shari'ar Musulunci ga Musulmi, wasu jihohi kuma sun sabunta Final Kod ɗinsu, amma tsarin ginin da hanyar fayyace laifi ba su ɓace ba.

Abin lura ga mai riƙe da alƙalami a ofis ko allo a aji shi ne, Makole bai taɓa zama alƙali ba, lauyancin ma bai yi wani abin kirki a ciki ba. Abin da ya iya shi ne rubuta magana yadda ba za ta ɗauki ma'ana biyu ba, da haƙurin tambayar kansa, a kan kowane layi, wane marar laifi ne wannan kalma za ta iya cuta. Wanda ke rubuta ƙara ko shaida a littafin kotu, wannan tambaya ta hau kansa shi ma, don sau da yawa abin da ke tsakanin mutum da gidan yari bai wuce kalma guda ba.