George Orwell: Ɗan Sandan Mulkin Mallaka Da Ya Tona Asirin Azzalumai

Jama'a, da yawanmu mun karanta Gandun Dabbobi, wanda Malam Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da Hausa, aka buga a Ibadan a 1975. To, yau ga tarihin mai littafin na asali.

Sunansa na yanka Eric Arthur Blair. An haife shi ran 25 ga Yuni, 1903, a garin Motihari na ƙasar Indiya, inda mahaifinsa ke aikin gwamnatin Ingila. Shi ma ɗan ci-rani ne ke nan tun daga haihuwa. Ya yi karatu a makarantar Eton, amma bai shiga jami'a ba. A 1922 sai ya tafi Bama aikin ɗan sanda. Shekara 5 ya yi yana ganin yadda 'yan tsirarun Turawa ke danne al'umma guda da kulki da kurkuku. Abin ya ishe shi, ya ajiye kaki a 1927.

Daga nan fa sai wahala. Ya yi wanke-wanke a otel a Faris, ya kwana da mabarata a Landan. A ƙarshen 1936 ya tafi yaƙin basasar Sifen, inda harsashi ya huda masa wuya a 1937. Bai gama jinya ba, 'yan kwaminis masu bin Rasha suka shiga farautar ƙungiyar da ya yi yaƙi a cikinta. Da ƙyar shi da matarsa Eileen suka tsallaka Faransa. Nan ya gane cewa azzalumi ba shi da riga guda.

Gandun Dabbobi ya fito a 1945, bayan kamfanoni da dama sun ƙi buga shi, don lokacin Ingila na ƙawance da Rasha. A shekarar ce kuma matarsa ta rasu. Sai ya koma tsibirin Jura a Sukotlan, tarin fuka na cin sa, yana rubutu a kwance.

Littafin da ya fito a 1949, mai suna 1984, shi ne ya bayyana dabarun. An raba mutane gida uku: manyan jam'iyya, ƙananan ma'aikata, sai talakawa. Ba mai hulɗa da baƙo. A ɗakin kowane ɗan jam'iyya akwai allo mai gani da ji. Yara na kai ƙarar iyayensu. Ana rage kalmomi don kada a sami bakin ƙorafi. Wanda ya yi taurin kai kuwa, sai ɗaki mai lamba 101, inda ake haɗa mutum da abin da ya fi tsoro. Jarumin labarin, Winston Smith, ɓera ne dodonsa. Da aka kusanto masa da kejin ɓeraye, nan take ya ba da masoyiyarsa Julia. Ka ji aikin tsoro!

Orwell ya rasu a Landan ran 21 ga Janairu, 1950, yana da shekara 46, watanni 7 bayan fitowar littafin.

Abin lura gare mu, katangar da ta fi tsawo a littafin nan ba ta bulo ba ce. Ita ce wadda ke hana mutum yarda da maƙwabcinsa, har da ɗan cikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah Ya kiyashe mu.