William Grove: Alƙalin Da Ya Samar Da Wuta Daga Iska

Duk ɗan kasuwar da ke sayar da batir da tocila, daga nan Mai Wurno zuwa Sinnar har kan iyakar Gallabat, ya san kaya ba ya tafiya sai farashinsa ya zo daidai aljihun mai saye. A wannan makon za mu kawo muku tarihin wani Bature da ƙirƙirarsa ta yi fiye da shekara 100 tana jiran kasuwa saboda tsada.

An haifi William Robert Grove ran 11 ga Yuli, 1811 a garin Swansea na yankin Wales, ƙasar Birtaniya. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya zama lauya a 1835. Rashin lafiya ta hana shi zirga-zirgar kotu a farkon aikinsa, sai ya duƙufa kan binciken wutar lantarki.

A 1839 ya haɗa wani batir mai ƙarfi da tutiya da filatinam da ruwan asid. Gidajen wayar tangaraho na Amurka sun yi amfani da shi shekaru da dama, amma yana da aibi biyu: yana fitar da hayaƙi mai guba, kuma filatinam ƙarfe ne mai ɗan karen tsada. A 1841 wani Bajamushe, Robert Bunsen, ya cire filatinam ɗin ya sa kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, nan take batirin ya yi araha.

Babban aikin Grove shi ne wanda ya kammala a 1842. Tun kafin lokacin masana sun san cewa wutar lantarki tana raba ruwa gida biyu, iskar haidirojin da iskar oksijin. Shi kuwa sai ya juya lamarin: ya haɗa iskokin biyu ta kan filatinam cikin ruwan asid, wuta ta fito, abin da ya rage kuma ruwa ne. Wannan ne asalin batirin da ba a cajinsa, sai dai a riƙa ba shi iska kamar yadda muke zuba wa janareta mai, ba ƙara ba hayaƙi.

Daga baya ya koma aikin shari'a, ya zama alƙali a 1871, aka ba shi sarautar Sir a 1872, ya yi ritaya a 1887. Ya rasu a Landan ran 1 ga Agusta, 1896, bai ga ƙirƙirarsa ta shiga kasuwa ba.

Sai wajen ƙarshen shekarun 1950 masana a kamfanin General Electric suka maye gurbin ruwan asid da wani siririn tantani na roba. Aikin tantanin kamar na jami'in kan iyaka ne: yana barin ƙwayar haidirojin mai suna furoton ta wuce, yana tare ƙwayar lantarki, dole ta zagaya ta cikin waya, wannan zagayen kuwa shi ne wutar da ke kunna fitila. Da irin wannan batir kumbon Gemini na Amurka ya tashi a 1965, kuma a 2014 kamfanin Toyota ya fito da motar Mirai mai aiki da shi.

To amma matsalar da Grove ya bari tana nan, domin filatinam da tantanin duka masu tsada ne. Shi ya sa masana suka sake waiwayar kabon. A 2014 masu bincike a Jami'ar Mancesta suka gano cewa furoton yana ratsa girafin, wani fallen kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya da ake samu daga irin baƙin da ke cikin fensir. Ana ci gaba da gwaji a kansa.

Mu da ribarmu ke ƙarewa wajen sayen man janareta, wannan bincike ya shafe mu kai tsaye. Idan kabon ya sauke farashi kamar yadda ya yi a 1841, ba mamaki wata rana batirin Grove ya iso rumfunanmu.