Clemens von Pirquet, likitan yaran da ya raɗa wa borin jini suna

Duk uwar da ɗanta ya taɓa cin gyaɗa ko ƙwai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, ko ta kwana zaune saboda asma ta hana shi numfashi, ta ji likita ya ce alaji ne. To, wannan kalma akwai wanda ya ƙirƙiro ta, kuma likitan yara ne: Clemens von Pirquet, ɗan ƙasar Ostiriya.

An haife shi ranar 12 ga Mayu, 1874, a Hirschstetten da ke gefen birnin Biyana, a gidan masu hali. Da farko hanyar zama limamin coci ya kama, ya yi karatun addini a Innsbruck da falsafa a Leuven ta Beljiyam. Daga baya ya koma likitanci, ya kammala a Graz a 1900, sannan ya shiga aiki a asibitin yara na Biyana ƙarƙashin Theodor Escherich.

A wancan zamani mashaƙo na kashe yara ba kaɗan ba. Maganin da ake da shi kuwa ruwan jinin doki ne, wanda ake yi wa yaro allurarsa. Yana ceton rai, amma akwai wani abu da ya tsaya wa Pirquet a rai. Bayan kwana 8 zuwa 12 da allurar, sai wasu yaran su kama zazzaɓi, ƙuraje su feso, gaɓoɓi su yi ciwo. In aka sake yi musu allurar, abin ba ya jiran kwanakin nan, nan da nan yake tasowa. Shi da abokin aikinsa Béla Schick suka bi diddigin lamarin gado bayan gado, suka wallafa littafi a kansa a 1905.

Abin da suka gano ya saɓa wa tunanin likitocin lokacin. Su dai a wurinsu garkuwar jiki kariya kawai take yi. Pirquet kuwa ya nuna cewa jiki na tuna baƙon abin da ya taɓa shigarsa, kuma martanin da yake mayarwa a karo na biyu shi kansa kan zama ciwo. A 1906 ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin daban, ɗaya mai nufin aiki, ya fitar da sunan alaji.

Bai tsaya nan ba. A 1907 ya fito da gwajin tarin fuka a fata: a ɗan karce hannun yaro, a ɗiga sinadarin tubakulin, in wurin ya yi ja ya kumbura, ka san jikinsa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. Sunansa ya kai Amurka, jami'ar Johns Hopkins ta ɗauke shi farfesa a 1909. Bai daɗe ba ya dawo Breslau, a 1911 kuma ya gaji kujerar malaminsa Escherich a Biyana.

Bayan yaƙin duniya na farko yunwa ta addabi Ostiriya. Pirquet ne ya jagoranci ciyar da yara da tallafin Amurka, ya tsara ma'aunin abinci da ya gina a kan darajar giram ɗaya na madara, don a san abin da kowane yaro ke buƙata. Dubban ɗaruruwan yara suka ci daga wannan shiri.

Sai dai a gida ba daɗi. Matarsa Maria ta daɗe tana fama da rashin lafiya, kuma ba su haihu ba. Ranar 28 ga Fabrairu, 1929, aka tarar da gawarwakinsu su biyu a gidansu, bayan sun sha guba. Shekarunsa 54.

Tambayar da ya bari ita ce: me ya sa wani yaro ke kamuwa, wani ba ya yi? Tun yana raye, a 1916, Robert Cooke da Albert Vander Veer a Amurka suka gano cewa kusan rabin masu alajin da suka bincika suna da mai irin ciwon a danginsu. A 2006 kuma, shekara 100 cif da fitar kalmar, masu bincike a Dundee ta Sikotilan suka nuna cewa tangarɗa a ƙwayar gado mai suna filagirin na raunana fatar jariri, ƙura da ɓurɓushin abinci su samu hanyar shiga. A wajen wasu yaran daga nan ake farawa: ƙaiƙayin fata tun suna goye, sai alajin abinci, daga baya asma. Gado dai yana buɗe ƙofa ne, ba dole kowane ɗa ya shiga ba. Shi ya sa har yau in ka kai yaro asibiti da borin jini, likita kan fara da tambayar ko akwai mai irinsa a gidanku.