Lionel Tertis: Makaɗin da ya mayar da bora mowa

A cikin kayan kiɗan Turawa akwai wasu ƴan gida ɗaya da ake goga wa sanda mai gashin doki, kamar yadda ake yi wa goge a ƙasar Hausa, sai dai su tsirkiya huɗu-huɗu gare su. Ƙaramin cikinsu shi ne biyolin mai zaƙin murya. Akwai kuma celo, babba, wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. A tsakiyarsu biyola take: ta ɗan ɗara biyolin girma, muryarta kuma ta fi kauri.

Shekara ɗari da ƴan kai da suka wuce, biyola ita ce borar gidan. A ayarin makaɗa aikinta cike gurbi ne kawai, kuma galibi wanda ya kasa a biyolin ko wanda tsufa ya cim masa ake miƙa wa ita. Da wuya a ga mai biyola ya fito gaban jama'a shi kaɗai. Mutumin da ya fi kowa sauya wannan hali a Birtaniya shi ne Lionel Tertis.

Ɗan baƙi a Landan

An haifi Tertis ranar 29 ga Disambar 1876 a garin West Hartlepool da ke arewa maso gabashin Ingila. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Poland, kuma ya tashi ne a unguwar Stepney ta talakawa a gabashin Landan. Yana ɗan shekara 13 ya bar gida ya shiga neman na kansa da kiɗan fiyano, yana tara ɗan abin da ya samu domin biyan kuɗin karatu.

Ya yi karatu a Trinity College da ke Landan, ya yi ƴan watanni a Leipzig ta Jamus, sannan a 1895 ya shiga Royal Academy of Music a matsayin ɗalibin biyolin. A can ne wani abokin karatunsa, Percy Hilder Miles, ya so haɗa rukunin makaɗa huɗu amma ya rasa mai riƙe biyola. Tertis ya karɓa don ya cike gurbin. Muryar abin ta kama shi, daga nan bai sake waiwayen baya ba.

Matsalar ita ce babu ƙwararren malamin da zai koyar da shi, don haka da kansa ya koya wa kansa. Bayan ƴan shekaru makarantar ta naɗa shi malamin biyola.

Kayan kiɗa babu kiɗa

Ƙwarewa kaɗai ba ta wadatar ba. A al'adar Turawa, rubuta kiɗa ake yi a takarda, makaɗi ya karanta ya kaɗa, kuma abin da aka rubuta wa biyola a lokacin bai taka kara ya karya ba. Sai Tertis ya bi hanya biyu. Ya riƙa ɗauko kiɗan da aka tsara wa biyolin da celo yana daidaita shi da biyola. Ya kuma riƙa bin masu tsara kiɗa yana matsa musu lamba su rubuta sabo.

Haƙarsa ta cim ma ruwa. York Bowen da Benjamin Dale da Arnold Bax da Gustav Holst da Ralph Vaughan Williams duk sun rubuta masa. Edward Elgar, wanda ake wa kallon uban masu tsara kiɗa na Ingila a zamaninsa, ya amince Tertis ya mayar da shahararren kiɗansa na celo zuwa biyola, har ya jagoranci ayarin makaɗa da kansa lokacin da aka gabatar da shi a 1930. Kafin nan, a 1924, Tertis ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Fritz Kreisler, gwarzon biyolin na duniya, suka kaɗa wani aikin Mozart da ya ba kayan kiɗan biyu matsayi ɗaya.

Kuskuren da ya yi nadama a kai

Gwani ma yakan yi tuntuɓe. A 1929 wani matashi mai suna William Walton ya tsara babban kiɗa domin biyola, ya aika wa Tertis. Salon ya yi wa kunnensa baƙunta, sai ya mayar masa da takardun. Bajamushe Paul Hindemith ne ya karɓi aikin, ya gabatar da shi a Landan ranar 3 ga Oktoban 1929.

Tertis na cikin masu sauraro a wannan dare, kuma a nan ya gane abin da ya saki. Bai tsaya girman kai ba: ya koyi kiɗan, ya riƙa kaɗa shi, daga baya kuma ya amsa kuskurensa a littafin tarihin rayuwarsa. A yau aikin Walton na cikin waɗanda duk mai son zama gwanin biyola sai ya bi ta kansu.

Lokacin da hannu ya gaza

Biyola tana da wata matsala a ƙirarta. Domin muryarta mai kauri ta fita sosai, tana buƙatar babban ciki, amma kuma a ƙarƙashin haɓa ake riƙe ta, hannu a miƙe. Idan ta yi girma makaɗi ya wahala, idan ta yi ƙanƙanta murya ta shaƙe. Tertis, wanda ba dogo ba ne, ya zaɓi murya. Ya sayi wata tsohuwar biyola ƙirar Montagnana na Italiya wadda tsawon jikinta ya haura inci 17, alhali na biyolin bai wuce inci 14 ba.

A 1937 ciwon hannu ya tilasta masa barin dandali yana kan ganiyarsa. Maimakon ya naɗe hannu, sai ya haɗa kai da wani maƙerin kayan kiɗa, Arthur Richardson, suka fitar da sabuwar ƙira mai tsawon inci 16 da uku bisa huɗu, mai faɗin ciki, wadda za ta ba da murya ba tare da ta karya mai riƙe ta ba. Ana kiranta ƙirar Tertis, kuma maƙera a ƙasashe da dama sun yi aiki da zanenta. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya dawo dandali yana kiɗa domin tara taimako.

Ya samu lambar girma ta CBE a 1950, da lambar zinare ta Royal Philharmonic Society a 1964. Ya rasu a Wimbledon ranar 22 ga Fabrairun 1975 yana da shekara 98.

Abin da ya bari

Kafin rasuwarsa ya ga masu biyola sun fara haɗa kai. An kafa ƙungiyar bincike kan biyola a Jamus a 1968, reshenta na Amurka ya biyo baya a 1971, wanda daga baya ya zama American Viola Society, kuma a 1973 aka yi babban taron masu biyola na duniya karo na farko a birnin Ulm. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna buga mujallu, suna shirya gasa da taruka, suna kuma sa a rubuta sabon kiɗa, wato aikin da Tertis ya taɓa yi shi kaɗai.

A 1980 aka buɗe gasar biyola ta duniya da sunansa a tsibirin Isle of Man. Matasa daga nahiyoyi daban-daban kan yi tattaki zuwa gasar, kowanne rungume da abin kiɗan da a zamanin ƙuruciyar Tertis ba a samu ko malamin da zai koyar da shi a makarantarsa ba.