Marigayi Alan Turing: Masanin Lissafin Da Ya Bi Diddigin Halittar Ɗan Tayi

An haifi Alan Turing a birnin Landan ranar 23 ga Yuni, 1912. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne a Indiya. Ya karanta lissafi a Jami'ar Kambirij, inda a 1936 ya bayyana tsarin na'urar da ake ɗauka a matsayin tushen kwamfutar zamani. Ya samu digirin digirgir a Amurka a 1938. A Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin waɗanda suka warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus.

Wannan shi ne abin da duniya ta fi saninsa da shi. Amma aikinsa na ƙarshe ya fi ban mamaki.

Duk makiyayin da ke kiwo a karkarar Gamu ya san akuya kan haifi ɗa mai dabbare-dabbare, zabo kuma da ɗigo-ɗigonsa yake girma. To, ɗan tayi yana farawa ne da ƙwayoyin halitta masu kama da juna. Wa ke faɗa wa wannan ta zama baƙa, waccan fara? Tambayar da Turing ya tunkara ke nan bayan komawarsa Jami'ar Mancesta a 1948.

A maƙalarsa ta 1952 ya nuna da lissafi cewa sinadarai biyu da ke tasiri kan juna, ɗaya kuma ya fi ɗaya saurin yaɗuwa, za su iya fitar da zane ko ɗigo daga wuri bai ɗaya, ba tare da wani ya tsara ba. Ya ba da misali da zoben ƙwayoyi 20, ya kuma ci gaba da gwaje-gwaje a kwamfutar Ferranti da jami'ar ta samu a 1951. A lura, sai a 1953 aka gano siffar DNA.

Masana halittu sun daɗe ba su kula da maƙalar ba, kuma ba laifinsu ba ne kacokan, domin an gano cewa layukan jikin ɗan tayin ƙudan 'ya'yan itace wata hanya daban suke bi. Sai dai a 1995 Shigeru Kondo na Japan ya nuna zanen wani kifi yana sauyawa yadda lissafin ya yi hasashe. A 2014 kuma masu bincike a Basalona, da taimakon kwamfuta, suka nuna cewa irin wannan hulɗa tsakanin ƙwayoyin gado ce ke raba yatsun ɗan tayin ɓera.

Turing bai ga ko ɗaya ba. A 1952 kotu ta hukunta shi kan hulɗa da namiji, bisa dokar Ingila ta lokacin, aka yi masa alluran kashe sha'awa. Ya rasu ranar 7 ga Yuni, 1954, yana da shekara 41, binciken hukuma ya ce guba ya sha. Sarauniya Elizabeth ta yi masa afuwa a 2013, kuma a 2021 aka fitar da takardar fam 50 ɗauke da hotonsa.