Likita Barau Dikko, Likita na Fari Daga Arewa

A ƙauyukanmu na ƙasar Gezawa, in ka tambayi 'yan makaranta abin da su ke so su zama, da yawa za su ce likita. Buri ne mai kyau. Amma hanyar tana da nisa, waɗansu kuwa su kan gaji tun ba a je ko'ina ba. Saboda haka bari mu ba su labarin mutumin da ya fara bin wannan hanya daga Arewa har ya kai ƙarshenta.

An haifi Russell Aliyu Barau Dikko a ƙasar Zazzau cikin shekara ta 1912. Ya fara karatu a makarantar Mishan ta C.M.S., wadda Likita Mila ya kafa a Zariya, wadda kuma aka mayar Wusasa a 1929. Likita Mila shi ne wanda ya yi babban aiki wajen juya Littafi Mai Tsarki da Hausa, shi kansa kuwa likita ne. Ashe tun Dikko yana yaro ya ga irin aikin da idonsa.

Daga nan ya tafi Ikko, ya shiga King's College, makarantar Gwamnati da aka buɗe a 1909. Ku tuna, yaro ne daga Arewa, ya bar iyayensa, ya sauka cikin mutanen da harshensu da abincinsu dabam ne. Dukan darussa kuwa da Turanci a ke yi, jarrabawa ma haka. 

A zamanin nan babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya, gama ta Ibadan sai a 1948 aka buɗe ta. Akwai makarantar likita a Yaba, amma mataimakan likita ta ke fitarwa. Wanda ya ke so ya zama cikakken likita, tilas ya ƙetare teku. Dikko ya tafi Ingila, ya shiga Jami'ar Birmingham. Karatun likita kuwa daki-daki ne. Da fari a kan koyi ginin jikin mutum, ƙashi da jijiya da jini. Sa'an nan cututtuka da magungunansu. Daga baya a shiga asibiti, a tsaya bakin gadon marasa lafiya. Ba a tsallake ko ɗaya, domin wanda ya yi ha'inci a karatun fari, ran wani ne zai biya bashin.

Ya komo gida, ya kama aikin Gwamnati a 1940. Ku lissafta, shekararsa 28 ke nan kafin ya fara cin amfanin wahalarsa.

Sa'ad da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi aka zaɓa shugaba a taron Kaduna na 1949, ko da ya ke shi Kirista ne, yawancin 'yan jam'iyyar kuwa Musulmi. Da ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ma'aikatan Gwamnati ba su da izinin zama ciki. Dikko ya sauka, ya riƙe aikinsa na likita. A 1967 Janar Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Ma'adinai da Lantarki na Tarayya. Ya rasu a 1977. Babban asibitin nan na Kaduna da ke ɗauke da sunansa, yanzu a cikinsa a ke koyar da sababbin likitoci.

To, ya ku 'yan makaranta, ku ba sai kun ƙetare teku ba. Ana karatun likita a Zariya, ana yi a Kano kusa da mu. Amma yawan karatun bai ragu ba. Ku dubi manomin Gezawa: tun da rani ya ke kai taki gona a kan jaki, ruwa bai ko haɗo ba. Haka ɗalibi zai riƙe lissafi da Turanci da kimiyya tun yana ƙaramin aji, kowace rana, ba sai jarrabawa ta matso ba.

Ku kuma iyaye, ku rage wa yaro aike da dare, ku ba shi fitila da wurin zama. Wataƙila shi ne zai duba ku ran da ƙarfi ya ƙare.