Samuel Ajayi Crowther: Bawan da ya zama bishop, ya mutu da takaicin cocinsa

A watan Agustan 1890, a wani zaman kwamiti a Anaca, wasu matasan Turawa 'yan mishan suka shiga karanto laifuffukan limaman coci baƙar fata ɗaya bayan ɗaya, suna dakatar da su. Shugaban zaman dattijo ne da ya kai shekara 80, kuma shi ya naɗa yawancin waɗanda ake tuhuma. Da dakatarwar ta kai kan ɗansa, Dandeson, sai ya ajiye shugabancin kwamitin. Dattijon shi ne Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop a Cocin Angilika.

An haife shi a wajajen 1809 a garin Osogun na ƙasar Yarabawa, lokacin da daular Oyo ke rushewa. A 1821 mahara suka auka wa garin suka kama shi da mahaifiyarsa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa maharan Musulmin Oyo ne da Fulani da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. An yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har an taɓa musayarsa da doki, kafin ya faɗa jirgin 'yan Fotugal a gaɓar Legas. A Afrilun 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin, suka sauke bayin a Firitawun ta Saliyo. A can aka yi masa baftisma a 1825, ya shiga sahun farko na ɗaliban makarantar Fourah Bay a 1827, ya kuma auri Asano, wadda jirgi ɗaya ya ɗauko su.

A 1841 ƙungiyar mishan ta CMS ta sa shi cikin ayarin da Ingila ta tura kogin Kwara, tare da Bajamushe James Frederick Schön, wanda daga baya ya wallafa nahawu da ƙamus na Hausa. Zazzaɓi ya yi wa Turawan ayarin ɓarna, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa 'yan Afirka ne za su iya wannan aiki. Aka naɗa Crowther limamin coci a Landan a 1843. Bayan shekara uku ya isa Abekuta, inda ya yi kiciɓis da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25.

Babban aikinsa shi ne na harshe. Crowther ya yi imani cewa addinin da mutum bai ji shi da harshen uwarsa ba, baƙo ne a gidansa. Ya riƙa bin dattawa da masu duba da mawaƙa yana tsintar kalmomi da karin magana, ya kuma dage sai an sa alamomin karin sauti a rubutun Yarabanci. Da ya zo fassara Littafi Mai Tsarki, bai ƙirƙiro wa Mahalicci sabon suna ba, ya bar shi da Olorun, sunan da Yarabawa suka san shi da shi tun kaka da kakanni. Bai kuma ƙyamaci kalmomin da Musulunci ya riga ya shigar cikin harshen ba: limami ya zama alufa, addu'a ta zama adura, al'ummai marasa imani suka zama keferi. Bahaushe ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane asalin biyun ƙarshen.

Sai dai fassara ba ta rasa tabo. An sa sunan Esu a gurbin Shaiɗan, alhali a addinin gargajiyar Yarabawa Esu manzo ne tsakanin mutane da abubuwan bauta, mai wayo da gwada mutane, ba tushen sharri ba. Har yau mabiya gargajiya na ganin wannan zaɓi ya ɓata sunan abin da suke girmamawa, kuma suna da hujja. Haka nan a kan auren mace fiye da ɗaya, Crowther bai sassauta ba ko kaɗan: ya ƙi yi wa mai mata da yawa baftisma, matsayin da ya rufe ƙofar coci ga sarakuna da attajirai da dama. Mutumin da ya buɗe wa harshen mutanensa ƙofa bai buɗe wa tsarin iyalinsu ba.

Daga 1857 ya jagoranci mishan na kogin Kwara, wanda kusan duka ma'aikatansa baƙaƙe ne daga Saliyo. A shekarar ce jirginsu ya tarwatse kusa da Jabba, ya yi amfani da zaman dole ya koyi Nufanci, har ya wallafa nahawunsa a 1864. A ranar 29 ga Yunin wannan shekarar aka naɗa shi bishop a Kantabari, bisa ƙoƙarin sakataren CMS, Henry Venn, wanda ke son coci mai ciyar da kanta, mai mulkin kanta, mai yaɗa kanta. Turawan mishan irin su Henry Townsend na Abekuta suka ƙi zama a ƙarƙashinsa, don haka aka ba shi yankunan da babu Bature.

Mu'amalarsa da sarakunan Musulmi ta fi kowane ɓangare na rayuwarsa ban mamaki, idan aka tuna waɗanda suka raba shi da gida. Ya yi abota da Etsu Masaba na Bida, wanda Lakwaja ke ƙarƙashin ikonsa. A 1872 ya tsaya a fadar Sarkin Ilori, malamai suka yi masa tambayoyi a kan Annabi Isa, ya amsa ta hanyar karanto nassi ba tare da zagin addinin kowa ba, aka rabu lafiya. Ya hana ma'aikatansa gardamar cin mutunci. Amincin ya kai ga Etsu Maliki ya rubuto masa wasiƙa da Hausa, yana roƙon ya isar wa Sarauniyar Ingila kukan cewa barasar da 'yan kasuwar Turawa ke shigowa da ita na halaka jama'arsa. Musulmin da suka bi shi kaɗan ne ƙwarai, amma an bar tashoshinsa sun zauna.

Bayan rasuwar Venn a 1873 iska ta juya. Kamfanin George Goldie ya mamaye cinikin kogin, ya kori 'yan kasuwa baƙaƙe, akidar fifikon farar fata kuma ta yi ƙarfi a Turai. Gaskiya ne wasu ma'aikatan Crowther sun yi abin kunya, har da kisan wata yarinya a Anaca, kuma dattijon ya fi son lallashi da horo. Amma bincike ya rikiɗe ya zama hukunci a kan launin fata baki ɗaya.

Cikin waɗanda suka jagoranci tuhumar akwai John Alfred Robinson da Graham Wilmot Brooke, wanda sa'an jikansa ne. Sun sauka Lakwaja da niyyar kai bishara ƙasar Hausa, suna sanye da riga da rawani, suna koyon Hausa, suna cin abincin mutanen gari. Sun iya ɗaukar tufafin baƙar fata, amma zama a ƙarƙashin ikonsa ya gagare su. Ba wanda ya taka Kano a cikinsu: Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892.

Crowther ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disambar 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa. Dandeson ya janye cocin yankin Neja Delta daga hannun CMS a 1892, wasu Kiristocin Legas kuma suka kafa cocinsu na 'yan ƙasa. Sai a 1952 baƙar fata ya sake riƙe cikakkiyar dayosis ta Angilika a Najeriya, lokacin da aka naɗa A. B. Akinyele a Ibadan. Jikan Crowther ta wajen 'yarsa Abigail, wato Herbert Macaulay, siyasa ya shiga: ya kafa jam'iyyar NNDP a 1923, ya kamu da ciwon ajali a Kano a 1946, yana rangadin adawa da tsarin mulkin Richards.